Jan Kabul ɗin da Sani Ya Maido

Ku ƴan istaj ɗin bana, masu koyon aiki, na ga irin kallon da kuke yi wa ɗakin nan. Kun shigo kun ji sanyin kilim mai sanyaya ɗaki, kun ga kujera mai juyawa da tsoho a kanta yana danna ordinatar, wato kwamfuta, da yatsa biyu, sai kuka ce a ranku wannan ai cin banza ne. Ɗayanku ma, ba zan kama suna ba, ya raɗa wa na kusa da shi cewa aikin rezo, wato haɗa na'urori su riƙa magana da juna, cusa kabul ne a rami, in fitila ta kama an gama. Na ji shi sarai, gwiwata ce ta tsufa, ba kunnena ba. Ku jawo ƙwaryar gyaɗar nan ku zauna. Jan kabul ɗin can da ke rataye a ƙusa, wanda launinsa ya koɗe, shi ma a rami aka cusa shi, kuma fitila ta kama.

Ni mutumin Kona ne, ɗan manomi. Da na gama lekol, wato makarantar boko, a Tasawa na tafi Maraɗi na koyi gyaran ordinatar, na dawo ina jin kaina wani abu. Wata ƙungiya mai kula da ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyukan Tasawa da Mayahi ta ɗauke ni, ta miƙa ni ga Mushe Ila, wato Malam Ila a bakin ƴan lekol, Allah ya jiƙansa. Shi tun zamanin tarho mai waya yake hawan sanduna. Gajere ne, mai ƙarancin magana. In ka yi kuskure ba ya faɗa, sai ya cire tabarau ya riƙa gogewa a hankali yana kallonka, kai da kanka za ka gwammace mari.

Aikina na farko a hannunsa shi ne sa kai a bakin kabul. Ya ba ni fensar matse kai, da ƴar wuƙar fere fata, da leda cike da kawunan roba. A cikin kabul akwai siraran wayoyi takwas, kowace da launinta da wurin zamanta. In mai ruwan lemo ta zauna a wurin tsanwa, kabul zai yi kyau a ido amma kurma ne. Ina gamawa sai ya kama kan ya fizga, in ya fita ya miƙo mini. "Haruna, mi kake ma gaugawa? Kabul ba shi gudu." Rani guda na yi ina wannan, da liƙa suna a kowane bakin kabul, nan da can. Suwic kuwa, wato akwatin nan mai jerin ƙofofi inda kabul duka ke haɗuwa, sai dai in share masa jiki.

Ranar da za a haɗa ɗakin shan magani na wajen Hawandawaki da rezo, ranar ya koya mini rabon adireshi. Kowace na'ura a rezo tana da lambarta, kuma ƙungiya tana da fili guda na lambobi da za ta raba wa kowa. Ya zaunar da ni a gindin itacen bedi ya zana fili a kan rairayi. Ya ce wannan gona ba ta rabuwa yadda ka ga dama, sai rabi, sai rabin rabi, haka har ƙasa. A kowane yanki kuma lambar farko da ta ƙarshe ba a ba kowa su, kamar layin gamba da ake bari tsakanin gonaki. Na yanka wa Hawandawaki daidai yawan na'urorinsu, ina murna na yi tattali. Ya sa ƙafa ya share. "In sun haihu hwa? Yanka musu da wurin jikoki." Abin da ya ɗaure mini kai a ranar shi ne iyakar nan ba ta da dutse ba ta da ƙaya, lamba ce kawai, amma saƙo ba ya tsallake ta sai ta ƙofar da ka yarda.

Sai dai abin da har gobe nake jinjina wa shi ne VLAN, wanda mu a nan muke kira belan. A Kona kowace safiya mata suna koro awaki wurin makiyayin gari, su bi burtali ɗaya a cakuɗe, kowace da shaidar gidansu, wata tsaga a kunne, wata tsumma a wuya. Da marece kowace ta koma gidansu. Haka suwic mai hankali yake yi. Saƙon da ya shigo ta ƙofar ɗakin magani ya ɗaura masa ƴar lamba, na ɗakin haihuwa wata lambar, na ƴan biro, wato ma'aikatan ofis, wata. Duka su bi kabul ɗaya, su hau antan ɗaya, wato eriya, su ratsa iska. A can gaba wani suwic ɗin ya duba shaida, ya kwance ta, ya fitar da saƙo ta ƙofar danginsa kaɗai. Ranar da Mushe Ila ya buɗe mini saƙo guda a allo ya nuna mini ƴar lambar a wuyansa, na yi ta kallonta. Kafin ka ƙifta ido dubbai sun wuce, babu ɗaya da ya shiga gidan wani.

Na ce masa, "Mushe, wa ya zamna ya yi tunanin wanga abu?"

Ya ce, "Wani wanda ya gaji da awakin maƙwabta cikin gonarshi."

Ku riƙe abu ɗaya, don za ku buƙace shi a gaba. In na'ura tana neman wata ba ta san ƙofarta ba, cigiya take yi: wa ke da lamba kaza? Suwic kuma ya maimaita cigiyar ta kowace ƙofa. In akwai belan, cigiya ba ta wuce unguwarsu. In babu, kowa da kowa sai ya ji ta, daga Hawandawaki har Isawan.

Sannan akwai tagwaye. Manyan na'urorin da ke riƙe da komai na ƙungiya, hotunan eko na duba cikin masu juna biyu da bayanin marasa lafiya, guda biyu ne, ɗaya a nan Tasawa, ɗaya a Mayahi. Mushe Ila ya sa musu Hasan da Usaini. Hasan ke aiki, Usaini yana kwafar duk abin da ya yi yana jira. A tsakaninsu akwai gaisuwa da ba ta yankewa: kana nan? Ina nan. In Usaini ya yi gaisuwa ya ji shiru, sai ya ɗauka ɗan'uwansa ya faɗi, ya karɓi lambar gidan ya ci gaba da aiki, mai jinya a ƙauye ba za ta ma san an yi canji ba. Gaisuwar nan tana da belan nata, ba mai bin hanyar sai su biyu. Wani lokaci ina zama in kalle ta tana wucewa a allo ba don wani aiki ba, don dai tana ba ni sha'awa.

Masu aikin da muke yi wa hidima kuwa, ba su san da wannan duka ba, kuma ba laifinsu ba ne. In rezo na lafiya ba a tunawa da mu, in ya tsaya sai a ce me muke yi tun safe. Kowane sabon darakta abu ɗaya yake fara cewa, a buɗe masa komai ya riƙa gani. Mushe Ila sai ya ce to, ya goge tabarau, ya buɗe masa abin da ya shafe shi.

Muguwar shekarar ta zo da damina mai yawan tsawa. Aradu ta faɗa wa antan na Mayahi, ta bi kabul ta ƙone suwic ɗin can da na ƙauyukan arewa. Masu hankalin sai an yi odarsu daga nesa, marasa lafiya kuwa ba sa jira. Aka sayo ƙanana a kasuwar Maraɗi aka toshe gurbi kafin na kirki su iso. Waɗannan ba su san shaida ba, duk abin da ya shigo ta ƙofa ɗaya su watsa shi ta sauran. Burtali ya rushe ke nan. Gaisuwar tagwaye ma ta koma bin hanya ɗaya da kowa. Mushe Ila ya yi ta rubutu yana tuni, a ce masa kaya suna hanya.

Wata safiya da hantsi, bayan an yi ruwa mai yawa, na shigo na same shi tsaye a gaban suwic da tabarau a hannu. In rezo na lafiya fitilun nan kowace da lokacin ƙiftawarta. Ranar duka tare suke ƙiftawa, da sauri har kamar ba sa mutuwa. Wani abu ya cika hanya har gaisuwa ta kasa wucewa. Hasan ya daina jin Usaini, Usaini ya daina jin Hasan, kowanne ya ɗauka ɗayan ya mutu, kowanne ya riƙe lambar gida. Saƙo ya zo ya tarar da masu gida biyu, ya rasa wanda zai ba.

Muna cikin haka likitarmu ta shigo da kanta, salula a kunne. Ita kaɗai ce a ƙungiya ta iya karanta hoton eko a lokacin. A kan layi Madam Rabi ce, ungozomar wani ƙauye a arewa da Isawan, inda salula ba ta kamawa sai an hau tudun bayan gari, nan ma murya kawai. An kawo mata wata mai suna Hajara da cikin wata tara, jini yana zuba tun asuba. Madam Rabi ta iya ɗora eko a ciki amma ba ta iya karantawa ba, sai hoton ya zo wa likita ta rezo. Gulbin da ke tsakanin ƙauyen da Mayahi kuma ya cika.

Likita ta ce, "Mushe Ila, in mabiyiya ce ta tare hanya, dole a hiddo ta yanzu kahin naƙuda ta tashi, ko ruwa ya kai wuya. In ba ita ba ce, girgizar amalanke da ƙetare gulbi sun hi zama hatsari gare ta. Motarmu guda ce, kuma ana neman ta can kudu wurin wata mai naƙuda. Ba ni iya yanke wanga hukunci da ka. Ina son in gani."

Ya ce, "Bon." Ya kira mai kula da ɗakin Mayahi ya ce a kwantar da Usaini, don gida ya koma da mai gida ɗaya. Sannan ya sa ni rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Na rufe ta Hawandawaki, ba canji. Na rufe ta Kona, ba canji. Mutumin Mayahi shi ma yana cire nasa yana maidawa. Yana cire kabul ɗin antan na arewa, fitilunmu suka lafa. Muka kalli juna. Guguwar daga ƙauyen Madam Rabi take fitowa. In mun bar ƙofar a rufe mun samu lafiya amma hoto ba zai zo ba, in mun buɗe ta komai ya sake cushewa.

Mushe Ila ya ce, "Zobe ne. Wani kabul ya koma inda ya hito." Kun tuna cigiya? In kabul ya fita daga suwic ya zagayo ya dawo masa, cigiya za ta fita ta nan ta shigo ta can. Suwic marar hankali bai san muryarsa ba, sai ya sake maimaita ta, ta sake dawowa, ba ta tsufa ba ta mutuwa, sai ƙaruwa, har ta cinye hanya duka.

Ya karɓi salula. "Madam, sauka ki dubi akwatin. Ko wane kabul ki bi shi da ido ki ga inda ya nuhwa, ki dawo ki hwaɗa min."

Ta sauka daga tudu a guje cikin jiƙaƙƙen rairayi. Muka jira. Likita ta kasa zama. Da ta sake kira haki take yi.

"Mushe, akwai na eko, akwai na ordinatar, akwai na antan. Sai biyu da sunka hita ta taga."

"Ina sunka tahi?"

"Shagon Sani mai caji. Shuɗin ni na ba shi, ya daɗe. Maƙwabci ne, shi ka ba mu wuta in batirinmu ya mutu, ban iya hana shi."

"Ɗayan hwa?"

"Jan shi ya kawo yau da sahe. Ƙanenshi ya aiko mishi da sabon akwatin rezo daga Libiya. Da ya ji za a aika hoto Tasawa sai ya ruga ya jawo muna daga nashi, wai mu ƙara ƙarhi. Ya ce ya daɗe shina sha daga namu, ba a maida ƙwaryar maƙwabci ba kome a ciki."

Mushe Ila ya runtse ido. Ya ce, "Madam, je ki cire jan. Jan kaɗai."

Ta ce, "Mushe, Sani na can tsaye bakin ƙohwa. Hajara matarshi ce."

Na ga hannun Mushe Ila ya tsaya a kan tabarau. Shi ma ɗan ƙauye ne, ya san abin da ake nufi da a maida wa mutum kyautarsa a gaban jama'a, balle a irin wannan rana. Ya ce, "To ki ce mishi mun ga tukuici, mun gode. Amma yau hanyar ta Hajara ce ita ɗai, ya cire da hannunshi."

Aka buɗe ƙofar arewa, fitilu suka sake haukacewa, muka tsaya muna kallonsu. Ba abin da za mu iya daga nan. Duk iliminmu da kayanmu sun koma jiran wani mutum da ba mu taɓa gani ba ya sa yatsa ya danna ƴar roba ya ja. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Can sai fitila ɗaya ta fita daga sahu, sai wata, sai kowace ta koma ƙiftawarta.

Likita ta ruga ɗakinta, muka bi ta ba wanda ya kira mu. Hoton ya buɗe a allo, toka-toka kamar hadari. A tsakiyarsa wani ɗan abu yana motsi da sauri. Ta ce, "Zuciyar yaron ce." Na yi shekaru ina kallon abubuwa masu ƙiftawa, ban taɓa ganin irin wannan ba. Yana cikin cikin wata mata a bayan ruwa, ya bi kabul ɗin da ni na matse wa kai, ya hau antan, ya ratsa sama a kan gonakin gero, ya sauka Mayahi, ya sake tashi, ga shi a gabana yana bugawa. Sai na kama tasbihi.

Likita ta ɗora yatsa a ƙasan hoton. "Ga ta nan, ta tare ƙohwa. A tura mota." Mazan ƙauyen suka ɗora Hajara a kan ƙyauren ɗaki suka ƙetare gulbi da ita a kafaɗa, mota tana jira a wannan gaɓar. Kafin la'asar an yi mata aiki, aka ciro ƴa mace da rai, uwar ma ta tashi. Ta kudun da ake kiran mota dominta ta haihu da kanta lafiya.

Bayan wannan, kayan da suke hanya suka san hanya. Muka sake gina komai, gaisuwar tagwaye ta koma belan nata. Mushe Ila ya ƙara wata ƴar na'ura ta uku wadda aikinta kawai shaida: in tagwaye sun daina jin juna, wanda take ji shi ne mai gida, ɗayan ya haƙura. Ba sai na gaya muku sunan da ya sa mata ba, wanda aka haifa bayan tagwaye ai Gambo ne. Darakta ya ce a yanke duk kabul ɗin da ya fita ta taga a kowane ƙauye. Mushe Ila ya ƙi. Ya ce, "In ka hana, a ɓoye za su ja. Mutanenmu ba su iya cin tuwo maƙwabci na kallo." Ya yanka wa maƙwabta belan nasu, da mudu ƙarami, da ƙofa mai rufe kanta in ta ji muryarta ta dawo.

Ni aka aika ƙauyen da kaka in kafa sabon suwic. Ina kan aiki Sani ya yi sallama, dogo, siriri, ya kasa haɗa ido da ni. Hajara tana bayansa da goyo. Zuwa lokacin ya san abin da jan kabul ɗinsa ya yi, ba wanda ya gaya masa, shi ya haɗa da kansa. Ya ajiye ƙwarya cike da gyaɗa, a kanta jan kabul a naɗe.

"Malam Haruna, tahi da shi. Ban son ganinshi. Na so in taimake ta, na kusa kashe ta."

Na ce, "Hannun da ya sa shi, shi ya cire shi. Mu muna Tasawa muna kallon hitila."

Na juye gyaɗar a jakata. Na yanko sabon kabul, na sa masa kai, na fizga da kaina na ji ya zauna, na liƙa suna nan da can, na naɗe shi a cikin ƙwaryar na miƙa masa. Na nuna masa ƙofar maƙwabta.

Ya ce, "To ni mi zan maido?"

"Wanga ba a maido shi."

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Ya waiwaya ya kalli goyon da ke bayan Hajara. Ya ce, "Kun bar ni da nauyi ke nan."

Bai yarda ya zauna da nauyin ba. Kowace kaka ƙwaryar tana zuwa a motar kasuwa, ni kuma in maida ta da sabon kabul, don rana tana cinye na bara. Gyaɗar da kuke ɓarewa tun da kuka zauna daga can ta fito. Bana yarinyar ce ta rubuta sunana a jikin ƙwaryar da alli, ta shiga lekol.

Ku cinye, ku kaɗe ɓawon waje. Kai mai cewa cusa kabul ne a rami, ga fensa, ga leda. Ƙwaryar za ta koma ranar kasuwa, kuma ba za ta koma ba komai a ciki ba. In ka gama ka kawo in fizga.